Muƙamuƙin da Ya Tafi Birni

Da yamma na kama hanyar gonar Don Tiburcio, maharbin ƙauyenmu kuma uban baftismar 'yata, don in faɗa masa ido da ido cewa na kai ƙararsa wurin jami'an daji. Tun da bareyi suka fara mutuwa da kumburarren harshe, aikina shi ne ɗibar jinin duk wadda aka harbe, in cire muƙamuƙinta don sanin shekarunta, a binciki ƙwayar cutar a birni.

Muƙamuƙin farko na aika shi birni lafiya. Sai shida suka ɓace daga kulata ɗaya bayan ɗaya. Tiburcio kaɗai ya san maɓoyar makullin kular, kuma shi zai rasa farauta in cutar ta tabbata. Ya sha gaya mini ƙashin dabba kogo ake mayar da shi, domin Mai Dabbobi, aljanin da ya mallaki namun daji, yana ƙirga kayansa. Na ce to Mai Dabbobin ya rubuto a takarda. Bakina ba ya da linzami, na sani.

Na takwas kuwa a jakata yake, don na daina yarda da kowa.

Ina wuce gonar kofi tsuntsaye suka yi tsit. Ƙamshin turaren ƙaro ya bugo ni, da ƙarnin jini. Na ji taku a bayana. Na tsaya, ya tsaya.

"Kompadre, girma ya wuce laɓe," na ce, da sunan da nake kiran Tiburcio tun baftismar 'yata.

Barewa ce ta fito. Ga alamar shuɗin fenti da na shafa wa gawarta jiya. Ba ta da haɓa. Harshenta na reto.

A bayanta wani tsoho yake tsaye, gajere, hularsa ta rufe fuska. Ya miƙo hannu.

"Nawa," ya ce a hankali.

Na ciro ƙashin daga jaka na ajiye a ƙasa. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Saura ɗaya."

Na zura da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

A gona na tarar da Tiburcio zaune, hannu wayam. Jami'an daji sun riga ni, sun tafi da bindigarsa da takardar farautarsa. Ya dubi ƙafata. Ya ce shi ya kwashe shidan, yana kai su kogo da kyandir a madadina, don kada a zo nema gidan da 'yar baftismarsa take kwana. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Na roƙe shi ya hau kogon ya ba da haƙuri a kan wanda na aika birni.

"Komadre, maharbi kaɗai ke shiga kogon," ya ce, da sunan da yake kirana. "Ni kuwa tun azahar kin mai da ni manomi."

Masu bincike a birni sun ce ƙashin an ƙone shi bayan gwaji. Yanzu kullum rana ta faɗi, 'yata takan tambaye ni wa ke da barewar da ke leƙen tagarta.