Ɗakin Zanen da Aka Ƙi

Rana ta sunkuya bayan gidaje, inuwa ta cinye tsakar gida, ana dab da kiran magariba, a lokacin da dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Matar da kowa ke kira Jan Biro ko kai ba ta ɗaga ba. Tana zaune a teburinta, tabarau a kan karan hanci, tana duba tambarin wani kamfanin sabulu da za a kai wa masu shi washegari.

Shagon nata ɗakuna biyu ne da aka yanko daga gaban gidansu, sai wani ɗan sito a baya. Aikinsu zanen tambari, allon talla, fosta da hoton kaya. Su uku ne kacal: ita, da ƙanenta mai ɗaukar hoto, da 'yarta Auta, budurwa 'yar shekara ashirin, wadda hannunta ke zana duk abin da shagon ke tinƙaho da shi. Laƙabin Jan Biro kuwa ba a banza aka liƙa mata ba. Babu zanen da ya taɓa wucewa ta gabanta bai sha jan layi ba. Ƙanen nata yakan ce ko wata aka kawo mata daren sha huɗu, sai ta ce gefen hagu ya ɗan karkace.

Dutse na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi. Ba irin jifan yara ba ne, wanda ake yi a gudu ana dariya. Wannan a natse yake zuwa, da tazara, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jiran a amsa.

Mai hoto ya leƙa waje. Layin shiru, babu kowa sai wata mage a kan katanga. Ya zagaya tsakar gida ya tsinto ɗaya daga cikin duwatsun, ya kawo ya ajiye a gaban yayarsa. Dutsen a naɗe yake cikin guntun takarda mai ƙonannen baki. Da ta warware, sai ga rabin wani kifi da aka zana da fensir, yana tashi sama riƙe da lema.

Ta san zanen. Ta kuma san cewa da hannunta ta jefa shi wuta kwana uku da suka wuce.

Ga yadda abin yake. Tun da aka buɗe shagon, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba a zubar da aikin da mai kaya ya ce bai yi masa ba. A kai shi sito, a kafe shi a bango da ƙusa. Suna kiran wurin ɗakin waɗanda aka ƙi, kuma duk wanda aka dawo wa da aiki yakan je da kansa ya kafe, sauran suna yi masa jaje da tsokana. A can ne kuma Auta ke kafe nata na kanta, waɗanda ba wanda ya sa ta: kifaye masu lema, tsani da ya jingina da gajimare, ƙofa tsaye a fili babu gida. Waɗannan ba mai kaya ne ya ƙi su ba. Uwarta ce ke ɗaga su da yatsa biyu ta ce, "Wannan kuma wa zai saya?" Sai ga shi an buƙaci farin bango don ɗaukar hoton kwalaben sabulu. Jan Biro ta shiga siton wata rana da safe, ta yage komai, ta tara a rabin duro ta cinna ashana, aka shafe bangon da farin fenti. Auta ta dawo daga aike ta tarar da toka. Ta juya ta koma kan aikinta, uwar kuma ta ɗauka magana ta ƙare.

Tun daga yammacin da dutsen farko ya faɗo, gidan bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Da zarar haske ya fara dusashewa sai jifa ya tashi, kowane dutse da guntun zane a jikinsa. Idan jifan ya lafa, sai a ji ƙarar fensir a kan takarda daga cikin siton, ƙarat, ƙarat, alhali babu kowa a ciki, babu ko takarda ɗaya. Warin ƙauri ya zauna a ɗakunan, turare bai kore shi ba.

Ana haka, ran kwana na huɗu, aka nemi Auta aka rasa. A siton aka same ta, tsaye, goshinta kusa da farin bangon, idanu a buɗe ba ta ƙiftawa. Hannunta na dama a dunƙule yake tamau, har farce ya shiga tsoka jini yana tsattsafowa.

"Auta," in ji uwar. "Buɗe hannun nan."

Yarinyar ta juyo a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ba tata ba ce, ta wani tsoho ce, busasshiya.

"Ba nata ba ne yanzu."

An kai ta asibiti, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Jan Biro ta gasa hannun da ruwan ɗumi, ta shafa mai, ta ja yatsun har zufa ta karyo mata, ko motsi ba su yi ba. Da rana Auta tana cikin hankalinta, tana zaune tana kallon dunƙulallen hannun kamar kayan wani da aka ba ta ajiya. Wannan kallon ne ya fi ci wa uwar rai. Yarinyar da tun tana rarrafe take zane a ƙasa da yatsa, yau ko cokali ba ta iya riƙewa.

"Yaya, mu rufe shagon nan," in ji mai hoto, murya ƙasa-ƙasa. "Ta bar zanen kawai. Wataƙila in ta bari ya sake ta."

"In rufe saboda wa?"

"Saboda abin da ba mu gani, Yaya."

"To shi yana ganina. Ya kalle ni da kyau."

Tsoro kam tana ji, har cikin ƙashinta. Sai dai ita irin mutanen nan ce da tsoro ke fito musu a matsayin faɗa. Kullum da safe takan share duwatsun, ta buɗe ƙofar shago da ƙarfi, ta kunna kwamfuta, ta zauna ta yi wa aikin jiya jan layi.

Malamin da aka kirawo ya iso bayan la'asar. Siririn dattijo ne mai sanyin murya, bai zo da jaka ba, bai zo da rakiya ba. Ya nemi a shimfiɗa tabarma a cikin siton, aka zaunar da Auta, uwar tana riƙe da kafaɗunta, kawunta mai hoto ya maƙale a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Malam ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, ba ya sauri, har hasken taga ya koma ja. Duwatsu suka fara sauka a kan kwano, yau kam babu tazara. Jikin yarinyar ya sanƙare, kanta ya faɗa baya, sannan ya dawo.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ya haɗa ka da baiwar Allah nan?" in ji Malam.

"Ni mazaunin ɗakin nan ne tun ba a yi masa rufi ba. Ban taɓa damun kowa ba. Sun riƙa kawo mini abin da ba su so, suna kafewa, ni kuwa ina so. Shekara goma sha ɗaya ina kallo. Na yarinyar nan na fi so. Rana ɗaya matar nan ta shigo ta ƙone mini duka."

"An ɓata maka, na ji. Amma wannan bai ba ka ikon shiga jikin mutum ba. Fita."

"Zan fita. A bar mini hannun. Ta riƙa zana mini ni kaɗai, kada idon mutum ya ƙara gani."

"Ba za a yi maka wannan ba."

Malam ya koma karatu. Abin ya yi ta gurnani, yana karkarwa da jikin yarinyar, har ya sake cewa a dakata.

"To na rage. Zane ɗaya duk wata. Ta kafe a bangon nan, a rufe ƙofa. Sauran kwanakin ta yi muku aikinku. In kun yarda yanzu na saki yatsun."

Mai hoto ya matso da rarrafe, ya ja gefen mayafin yayarsa.

"Yaya, ki yarda. Ɗaya ne fa a wata. Don Allah ki yarda a huta."

Malam ya juyo ya dube ta. Jan Biro ta kalli hannun 'yarta, yatsun sun yi baƙi don matsa. Kalma ɗaya za ta faɗa su buɗe. Zuciyarta ta kusa faɗar kalmar, Allah ya sani. Sai ta hango Auta da furfura a kanta, tana shiga wannan ɗaki duk ƙarshen wata da takarda a hannu, kai a sunkuye.

"Allah gafarta Malam, a ba ni dama in amsa masa da bakina."

Malam ya gyaɗa kai. Ta zagayo gaban 'yarta ta durƙusa, ido cikin ido da abin da ke leƙowa daga ciki.

"Ko layi ɗaya ba za a yi maka ba. Na sha ganin masu kawo aiki iri-iri, mai tsawa, mai raini, mai canja magana sau goma. Mai kawo aiki da jifa dai ban taɓa karɓa ba, kuma ba a kanka zan fara ba."

Bakin yarinyar ya yi murmushin da ba nata ba.

"Ke ce mai magana? Ni na tsaya gaban kifin nan shekara uku ban gaji ba. Ke me kika ce da ta nuna miki? Wa zai saya. Ni da ke, wa ya fi sanin darajar hannun nan?"

Maganar ta shige ta kamar allura, don babu ƙarya a ciki. Kunya ta rufe ta a gaban Malam, a gaban ƙanenta, hawaye suka zubo. Ba ta share ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

"Gaskiya ka faɗa, ka fi ni kallo. Na yi wa 'yata laifi, kuma ita zan roƙa, ba kai ba. Amma hannun nan ba nawa ba ne balle in yanka maka rabo a ciki. Nata ne. In ta ga dama ta zana wa duniya, in ta ga dama ta zana ta yaga. Ka ce kana son zanenta, ga shi kwana nawa ka hana ta riƙe fensir. Wannan ba so ba ne. Sake mata hannu."

Duwatsun suka tsaya cak. Malam ya ɗaga murya a karo na farko, karatun ya cika ɗan siton har fentin bango kamar yana rawa. Abin ya yi kuka, ya yi zagi, ya yi magiya, daga ƙarshe muryar ta dawo ƙarama.

"Ina zan je? Babu abin kallo a ko'ina."

"Ƙasar Allah da faɗi take," in ji Malam. "Je ka inda babu mutane, ka kalli abin da Mahalicci ya zana. Ka yi alkawari ba za ka dawo ba."

"Na yi."

"Fita ta inda ka kama."

Ɗan ƙaramin yatsa ne ya fara miƙewa, sannan na kusa da shi, ɗaya bayan ɗaya, har tafin ya buɗe da raunuka huɗu a jere. Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Daga nesa aka ji kiran magariba, warin ƙaurin nan kuma ya tafi.

Malam ya yi addu'a, ya ce a bar ta ta huta, ya fita neman ruwan alwala. Jan Biro ta ɗauko tsumma mai tsabta tana naɗe hannun. Ta buɗe baki za ta fara roƙon da ta yi alkawari, sai yarinyar ta riga ta, da muryarta ta ainihi, a gajiye.

"Mama, kin kalle su kafin ki sa musu wuta?"

Ƙarya tana kusa, kuma da ta yi sauƙi.

"Ban kalla ba, Auta. Ko ɗaya."

Yarinyar ta ɗago ta zauna. Sannan ta dubi bakin ƙofa.

"Kawu, miƙo min takarda da fensir."

"Yanzu? A nan? Haba Auta, ki bari ko zuwa gobe, abin nan bai yi nisa ba."

"Ya ji in yana ji. Miƙo min."

Ya kawo. Yatsunta ba su gama sakewa ba, fensirin ya suɓuce sau biyu, takardar tana zamewa a kan gwiwarta. Jan Biro ta matso ta danne gefen takardar da tafukanta biyu, ta gyara zaman tabaraunta, ta zuba ido.