Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Fitilar Ma'auni ta koma ja, kujerar gwaji ta saki hannun Malam Sallau Kurfi a hankali.

"An gode da zuwanka," in ji muryar na'urar. "Ba ka dace da wannan gurbi ba. Na gaba ya shigo."

Ma'auni ita ce na'urar da ke ɗaukar ma'aikata a Birnin Tudun Rana tun shekarar 2091. Takan saka mai neman aiki cikin gwaji mai kama da gaske, ta auna bugun zuciyarsa da motsin idonsa, ta yanke hukunci cikin minti huɗu. Ba ta san ɗan wane ba, ba ta san alfarma ba, shi ya sa aka so ta. Sai dai ba ta faɗin dalili.

Sallau bai tashi ba. Shekara ashirin ya yi yana gyaran famfunan birnin, yanzu yana neman aikin lura da madatsar ruwa.

"Zuwana na shida ke nan," ya ce. "Don Allah ko kalma ɗaya. Me nake yi ba daidai ba?"

Injiniya Lantana Gwarzo, wadda ta ƙera na'urar, tana bayan gilashi tana ji. Dokar ofishin ta hana bayyana sakamako, don gudun ƙorafi. Duk da haka ta fito ta tare shi a baranda.

"Malam, zan gaya maka, amma ba zai yi daɗi ba. Aiki ka iya shi, har ka fi waɗanda muka ɗauka. Sai dai a gwajin, da ruwa ya haura iyakarsa, hannunka na kan makunnin buɗe ƙofar madatsa, ka tsaya daƙiƙa goma sha ɗaya kana jiran umarni. Da a ce da gaske ne, da unguwa biyu sun tafi. Ko ni ce, ba zan ba ka madatsa a haka ba."

Fuskarsa ta sauya.

"Na gode, Hajiya. Shekara uku ba wanda ya darajanta ni da gaskiya sai ke. To ni ma bari in faɗa miki tawa. Na taɓa kashe famfo kafin kwamfuta ta ba da izini, don na ji ƙararsa ta canza. Famfon ya tsira, ni aka dakatar wata biyu. Tun ranar na koyi jira. Ku kuka koya mana."

Lantana ta koma ofis ta buɗe bayanan shekara biyar. Mutum dubu huɗu Ma'auni ta mayar saboda wannan jiran, kusan duk tsofaffin hannu. Washegari ta tsaya gaban majalisar gudanarwa da takardun.

"Injiniya, ke da kanki kike kushe na'urarki?" in ji shugaban majalisar, Alhaji Maikano.

"Ranka ya daɗe, na'urar ba ta yi ƙarya ba. Mu ne muka hori mutane su bi allon kwamfuta, sannan muka sa allo ya kore su don sun bi shi. Kuma muka ɓoye musu. Rabin laifin nawa ne."

Ba a yafe mata karya doka ba. Aka sauke ta daga shugabancin sashe, aka ba ta ƙaramin ɗaki mai kujeru biyu, inda duk wanda na'ura ta mayar zai zauna ta gaya masa dalili ido da ido. Ba ta yi ƙorafi ba. Mutum takwas take gani a rana, ba ta taɓa shafa wa kowa mai a baki ba.

Sallau ya dawo bayan wata huɗu, a gwajin ya buɗe ƙofar cikin daƙiƙa biyu, aka ɗauke shi. Amma madatsar mutum goma sha biyu take bukata, ga damina ta matso, uku kawai aka samu.

Ranar Talata wata injiniya da ta fito da sakamako mafi kyau a jami'a, amma Ma'auni ta mayar da ita, ta zo ɗakin mai kujeru biyu ta zauna. Lantana ta kife allon kwamfutar da ke kan tebur, ta ce, "Ruwa ya haura, layin sadarwa ya yanke. Me za ki yi?"

Matar ta dubi bayan allon, ta dubi bango, sannan ta ce cikin ladabi, "Ranki ya daɗe, wa zan tambaya?"