Takardar da Auta Ta Kankare

Auta ba ta iya ganin datti ta wuce. Mama kan ce da za a bar ta, da kajin gidan ma ta yi musu wanka.

Ranar Asabar ta ɗauki bokiti da soso don ta wanke motar Baba. Gobe za su je gaida Kaka, tafiyar awa biyar, kuma tana so motar ta yi ƙyalli.

A jikin ƙofar direba ta ga wata 'yar takarda a manne, duk baƙin mai ya ɓata ta. An rubuta lamba a kai: dubu ɗari da tamanin. Auta ta sa farce ta kankare ta tas.

Da yamma Baba ya buɗe ƙofar, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ina takardar da Kawunku bakanike ya manna?" in ji shi. "Ita ke tuna mini lokacin canza taimin bel na cikin inji."

Gaban Auta ya faɗi. Ta ɓoye hannunta a baya.

"Ta faɗi ke nan," Baba ya ce. "Ba komai. Ina jin da sauran nisa."

Da safe suka shiga mota, ita da Baba da Mama da Yaya. Auta ta leƙa lambar da ke gaban sitiyari, mai ƙirga tafiyar mota. Dubu ɗari da tamanin da bakwai. A lissafi ba a ja da Auta a ajinsu. Nan take ta gane sun wuce lambar da ke kan takardar.

Tsoro ya kama ta. In ta yi magana, tafiya ta fasu. In ta yi shiru, ba ta san abin da zai same su a hanya ba.

"Baba," ta ce da ƙaramar murya, "ni na kankare takardar. Kuma mun wuce lambar da dubu bakwai."

Baba bai yi faɗa ba. Ya juya kan mota zuwa garejin Kawu.

Kawu ya buɗe bonet, ya kwance wani murfi, ya kira ta. "Zo ki gani, 'yata."

Bel ɗin wata baƙar ɗamara ce ta roba, mai haƙora a ciki. Duk ya tsattsage, haƙori ɗaya ma ya kusa cirewa.

"Shi ke sa saman inji da ƙasansa su yi aiki tare, kowa a kan lokacinsa," Kawu ya ce. "In ya tsinke ana gudu, ƙarafan ciki su yi karo, inji ya lalace, ku kwana a daji."

"To me ya sa bai yi ƙara ba, Kawu?"

"Ba ya sallama. Yana ɓoye, ba a ganinsa. Shi ya sa ake bin lambar tafiya ko shekarun da littafin motar ya faɗa. Wanda ya fara cika, a canza."

Aikin ya cinye yinin. Yaya ya kumbura baki, ya ƙi kula ta. Auta ta zauna a kan tsohuwar taya tana share hawaye.

Baba ya zo ya dafa kanta. "Kin yi kuskure da ba ki tambaya ba kafin ki cire. Amma da kin ci gaba da shiru, da kuskuren ya fi haka girma. Na ji daɗin da kika faɗa, Autata."

Washegari suka isa lafiya. Kaka na bakin ƙofa, tun jiya take zuba ido. Da ta ji labari, ta jawo Auta jikinta.

"Gara ku zo mini a makare," in ji ta, "da a kira ni a waya da mugun labari."

Tun daga ranar Auta ta riƙe abu biyu: a tambaya kafin a taɓa, kuma a faɗi gaskiya tun da sauran gyara.