Katakon Ƙarshe na Baba Jika

Da hantsin ranar Talata wata mata mai suna Jannatu ta shigo caji ofis tana haki, ta ce an yi wa mahaifinta sata a Jos Jarawa.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto Mustapha.

"Katako, ranka ya daɗe."

Ya ɗago kai ya dube ta, sannan ya ɗauki hularsa.

Mahaifin nata shi ne Ahmadu Jika, wanda ya shekara arba'in yana zanen da babu mutum babu dabba a ciki, sai launi da layuka. Yakan sassaƙa zanen a jikin katako, a shafa tawada, a danna takarda a inji, hoto ya fito.

Sufeto ya fara duba kwaɗon ɗakin aikin. Ba a fasa ba. Manyan zane-zane masu tsada na rataye, ba wanda ya taɓa su. Tsohon na zaune kan kujera, idanunsa sun dushe.

"Baba, mene ne a jikin katakon?"

"Duwatsun Shere bayan ruwa ya ɗauke. Kai in ka gani cewa za ka yi kaji suka yi tono." Ya yi murmushi. "Shi ne na ƙarshe, da lalube na ƙarasa shi. Mun buga ashirin, yau na so in kashe shi."

"Kashe shi?"

"A ja masa wuƙa daga wannan kusurwa zuwa waccan, don kada a ƙara bugawa. Alkawari ne tsakanina da masu saye."

Makullan ɗakin uku ne: nasa, na Jannatu, da na Okwudili, mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana juya masa inji.

Jannatu ta ce jiya ba ta leƙo ɗakin ba. Sufeto ya nuna mata kular abinci a gefen taga, da sauran tuwo a ciki. Ta sunkuyar da kai.

"Na zo da la'asar. Na roƙi Baba kada ya yanka shi, muka yi faɗa. Na ji tsoro ka zarge ni."

"Yaya kika bar katakon?"

"A kan tebur, baƙi ƙirin da tawada."

A kwandon shara Sufeto ya tsinci tsumma baƙi, yana warin kananzir. Ya tambayi tsohon ko akwai wani abin da ya ɓace. Baba Jika ya tashi ya shafa injin da tafinsa.

"Bargon da muke shimfiɗa wa takarda ba ya nan."

Sufeto ya sake duban tsumman. Ya sha ganin ɓarayi, amma bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya wanke abin da zai sata ba.

Sai ga Okwudili ya shigo, dattijo mai furfura, faratansa baƙaƙe.

"Ina kake jiya da yamma?"

"Oga, tun azahar na tafi Kuru wurin ƙanwata."

"To madalla." Sufeto ya rufe littafinsa kamar ya gama. "Abin tausayi dai Baba ne. Da ruwan nan da ake yi, ɓarawo zai jefar da katakon a wani kango, laima ta shige shi ya kumbura ya tsage."

"Ba zai tsage ba, a nannaɗe yake da..."



"Da bargo," in ji Sufeto a hankali. "Wa ya gaya maka?"

Okwudili ya zauna a kan benci, ya rufe fuska da hannuwa. Da ya buɗe baki, ba da Sufeto yake ba.

"Baba, katako nawa na riƙe maka kana yankawa? Ban taɓa cewa komai ba, don na san gobe za ka yi wani. Wannan ba wani bayansa. Na ga yadda ka yanke yatsa sau uku a kansa. Wallahi ba sayarwa zan yi ba. Yana ƙarƙashin gadona."

Jannatu ta juya baya tana share ido da gyale.

Tsohon ya juyo wajen da ya ji muryar Sufeto. Sannan ya ce, "Sufeto, na janye ƙara."

"An riga an rubuta, Baba. Dole ya zo ofis ya ba da bayani, kai ma ka sa hannu."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai.

Baba Jika ya miƙa hannu cikin iska har ya sami kafaɗar Okwudili, ya dafa ya miƙe.

"Za ka yanka shi, Baba?" in ji Okwudili.

"Na yi alkawari, sai na yanka. Amma ba na gani, kai za ka riƙe min hannu. Mu je."

Sufeto ya buɗe musu ƙofar mota. Mai laifin ya fara zaunar da tsohon, ya gyara masa riga, sannan ya shiga.