Wanda Ka Fara Ambata

Ni na kai shi. Gara in faɗa tun yanzu, kada ku ji ina ba da labarin ƙanina ku ɗauka ni mutumin kirki ne.

Autanmu yana da kai, ya yi karatu, amma da ya zauna gaban masu ɗaukar aiki sai harshensa ya ƙulle, gumi ya jiƙa masa kwat. Sau huɗu ana kiransa intabiyu, sau huɗu ana ce masa za a neme shi. Karo na biyar wani babban kamfani ne ke neman mai kula da manyan kwastomominsa, wanda zai riƙa lallashinsu kada su koma wani wuri. Ga mota, ga gida. Auta ya ce ko ta halin ƙaƙa sai ya samu. Ni kuwa direba ne, kunnena ya sha labarin wani boka a bakin fasinjoji.

Da rana tsaka muka je. Ɗakin yana bayan wani kangon gareji, ba taga, sai ƙarnin tsohon jini. An lulluɓe bango da jan ƙyalle. A tsakiya akwai baƙar tukunya, an ɗaure bakinta da fata, fatar tana ɗagawa tana sauka. Bokan ya karɓi takardar gayyatar, ya ƙona ta a kasko, ya kwaɓa tokar da jinin zakara, ya shafa wa Auta a harshe.

"Nawa ne?" in ji Auta.

"Ba ma karɓar kuɗi. Mutumin da ka fara ambata a gaban masu ɗaukar aikin, namu ne."

"In ban ambaci kowa ba fa?"

"To, kai ne namu."

A mota Auta har dariya yake yi. Ya ce ai dole a tambaye shi inda ya taɓa aiki, sai ya miƙa musu tsohon manajan da ya kore shi. Ban ce masa kul ba. Wallahi taya shi dariyar na yi.

Washegari mutum uku ya tarar a bayan dogon tebur, maza biyu da wata dattijuwa mai tabarau. Ba wanda ya tambayi tsohon aikinsa. Don a gwada shi, ɗaya daga cikin mazan ya fito a matsayin fusataccen kwastoma wanda kayansa suka yi mako uku ba su iso ba, ya dinga buga tebur yana cewa yau zai raba gari da kamfanin. Auta ya bar shi ya zazzage, ya ba shi haƙuri, ya tsara masa mafita, magana na zuba kamar an buɗe famfo. Har mutumin ya manta wasa ake yi, ya miƙo masa hannu.

Dattijuwar ta cire tabarau, ta yi murmushi. "Ɗana, wa ya koya maka haƙuri da mutane haka?"

"Innata," ya ce.

Gaskiya ya faɗa, kuma bai san ta fito ba sai da ya ji ta da kunnensa.

Aiki ya samu. Kwastomomi suka riƙa cewa in ba shi ba, ba kowa. Ya ɗauke Inna ya kai ta sabon gida, ya saya mata gado mai laushi, a kansa kuma ta fara ramewa. Likitoci suka duba ba su ga komai ba. Muka koma garejin, muka tarar da ɗaki wayam, ko toka babu.

Ranar da aka binne ta Auta ya sa kwat ɗinsa, ya jera kujeru uku a tsakar gida, ya zauna gabansu. Har yau can yake, yana roƙon kujeru su sake masa tambayar. Matarsa ta kwashe yara, kamfani ya karɓi mota.

Ku masu zuwa neman aiki, in an ce za a neme ku, ku koma gida ku jira rabonku. Duk abin da aka ce kyauta ne a irin wannan ɗakin, da naku za ku biya.

Inna ba ta taɓa sani ba. Kwana biyu kafin ta cika ta kama hannuna, ta ce ta ji ni ne na tsaya wa ƙanina har ya sami aiki, Allah ya yi mini albarka, ya saka mini da irin abin da na yi masa. Ta zuba mini ido tana jiran in amsa.

Na ce amin.