A'i da Gansakukar Duro

A unguwar Gwallaga, cikin garin Bauchi, akwai wata yarinya mai suna A'i, 'yar aji biyar a firamare. Yarinya ce mai tsabta, kowa ya shaida. Sai dai Allah ya yi ta da rawar kai. In ta zauna, ƙafarta na kaɗawa. In ta tashi, hannunta na neman abin taɓawa. Kofin da aka wanke ma sai ta sake wanke shi.

Yayarta Zubaida ɗaliba ce a jami'a, tana karatun injiniya. Ita da abokan karatunta sun shirya wani aikin sa kai. Idan an yi hutu za su tafi wani ƙauye a ƙasar Nijar, inda mutane ke shan ruwan tafki tare da dabbobi. Za su kafa tanki, su ja bututu, su haɗa wa gidaje matatar ruwa. Amma malaminsu, Dakta Hammajoda, ya kafa sharaɗi. Duk mai son zuwa sai ya fara haɗa matata a gida. Wanda tasa ta gaza, ba shi ba tafiya.

Zubaida ta samo shuɗin duro, ta ajiye a gindin gwaiba a tsakar gida. Ta zuba tsakuwa a ƙasa, ta bi ta da yashi mai laushi, ta sa bututun fitar ruwa. Kullum da safe sai ta zuba ruwan rijiya a hankali, ta rufe.

"A'i, kin ga duron nan? Kada ki taɓa shi," in ji ta.

"Me ya sa, Yaya?"

"Zan gaya miki in na dawo. Na makara."

Ta fita da sauri ta tare keke. Da ta dawo ta manta, A'i kuma ba ta sake tambaya ba.

Ana gobe malamin zai zo dubawa, A'i ta dawo daga makaranta ta tarar gida ba kowa. Umma ta shiga maƙwabta barka. A'i ta zagaya duron, ta sake zagayawa. Ta ce a ranta leƙawa ai ba taɓawa ba ce. Ta ɗaga murfin.

"Tir!" ta ce, ta ja da baya.

Saman yashin ya yi kore-kore, da wani yauƙi irin na gansakuka. Gobe babban malami zai zo ya ga wannan ƙazanta a gidansu? Ai sai a yi da su a gari! Ta yi niyyar jiran Yaya. Ta zauna a kan turmi, ta tashi. Ta leƙa zaure, ta dawo. Ina! Jikinta ya ƙi.

Ta ɗauko omo da soso. Ta kankare koren nan tas, ta dirje cikin duron, ta cuɗa yashin da kumfa. Ta rufe tana jin daɗi, tana jiran yabo.

Da la'asar Zubaida ta shigo. Tun daga zaure hancinta ya gaya mata akwai magana. Ta zuba ruwa a duron, sai ga kumfa tana fitowa ta bututu. Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Wa ya taɓa min duro?"

"Ni ce, Yaya. Wanke miki na yi. Ya yi datti."

Zubaida ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. A hankali ta ce, "A'i, koren nan da kika kankare shi ne matatar. Wasu ƙananan halittu ne ke zaune a ciki, su ke cinye ƙwayoyin cuta. Makonni na yi ina renonsu. Omo ya kashe su."

Hawaye ya zubo wa Zubaida. A'i ta sulale ta shige ɗaki. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Washegari Dakta Hammajoda ya iso tare da Irmiya, shugaban ɗaliban, wanda ke riƙe da kwalaben gwaji. A'i ta laɓe a bayan labule.

"Malam, matatata ta lalace," in ji Zubaida. Ba ta ambaci sunan kowa ba.

"Ayya," in ji malamin. "To, kin dai san sharaɗinmu."

Ya juya zai fita. A'i ta kasa daurewa. Ta fito da gudu, ta durƙusa a gabansa.

"Malam, don Allah kada ka hana Yaya tafiya! Ni na wanke da omo. Ta hana ni taɓawa, na taɓa. Na ɗauka datti ne."

Malamin ya dube ta. Can sai ya juya wurin Irmiya.

"Irmiya, matan ƙauyen da za mu je ma masu tsabta ne. In muka bar musu duro, suka buɗe suka ga kore, me za su yi?"

Irmiya ya dafe kai. "Omo da soso, yallaɓai. Gaskiya ba mu yi tunanin wannan ba."

"To ka gani. Ke kuma Zubaida, hani ba tare da bayani ba bai isa ba. Tafiya sai ƙarshen wata. Ki sake haɗawa. In ruwan ya fito da kyau kin tafi, in bai fito ba kin zauna."

Umma ta yanke hukunci nan take. A'i ce za ta wanke sabon yashi, ita ce kuma za ta riƙa jan ruwan rijiya kowace safiya. Ta yi, har tafin hannunta ya yi kanta. Amma jan guga bai kai jira wahala ba. Kullum sai ta tambaya, "Yaya, ya yi kore?" Kullum amsar ita ce, "Da saura." In ta ji hannunta na ƙaiƙayin ɗaga murfi, sai ta zauna a kan hannuwan nata. Umma ta yi ta dariya.

Ƙarshen wata Irmiya ya zo ya ɗebi ruwan, ya tafi da shi gwaji. A'i ta wuni tana safa da marwa tsakanin zaure da gindin gwaiba. Da wayar Zubaida ta yi ƙara, A'i ta matso kusa da ita.

"Ruwa ya yi kyau!" Zubaida ta yi tsalle, ta rungume ta. "Zan tafi, A'i!"

Bayan sun isa Nijar, wata rana Zubaida ta kira A'i ta bidiyo. A'i ta ga tanki a sama, ta ga mata sun yi layi a famfo da tuluna. A jikin kowane duro an zana soso, an soke shi da jan fenti.

"Gida-gida muka bi muna ba da labarinki," in ji Zubaida. "Yanzu ko yaro ya san ba a wanke koren."

Wata tsohuwa ta leƙo cikin wayar, riƙe da kofin ruwa garai-garai. "Ke ce mai omon?" ta tambaya. A'i ta rufe fuska don kunya, tana dariya.

Tun daga nan A'i ta gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. In ba ka san abu ba, ka tambaya kafin ka taɓa, in kuma ka yi kuskure ka faɗi gaskiya. Har yau tana wanke kofin da aka wanke. Amma duron gindin gwaiba, in wani yaro ya nufe shi sai ta riƙe masa hannu, ta zaunar da shi, ta gaya masa dalili.