Taguwar Sadaki

Hannun Kadidia na kan wuyan taguwar sa'ad da ta tsaya cak.

"Lafiya, hasken idona?" in ji Chaibou yana murmushi. "Sadakinki ne na kawo ki gani. Baba da kansa ya zaɓo ta."

Yatsunta na bin shaidar da aka ƙona a wuyan dabbar, ta gidan Elhadji Lawali, mahaifin Chaibou, babban dillalin raƙuman Agadas. Sai dai wanda ya ɗora ƙarfen ya yi gaggawa, bai rufe tsohuwar da ke ƙasa ba. Layi biyu da ɗigo. Shaidar mahaifinta ce, wallahi ko daga barci aka tashe ta sai ta gane ta.

Shekarar da fari ya cinye dabbobi soji suka kore su daga Tin-Amal, garin bakin iyaka da ƙasashe biyu ke cewa nasu ne. A hanya wani mai rawani, fuska a rufe, ya tare su da bindiga, ya tafi da taguwar har da salkunan ruwansu. Mahaifinta bai iso Agadas ba. Ƙishirwa ta kashe shi, kansa a kan cinyarta.

"Chaibou... ina mahaifinka ya samo ta?"

Ya dubi inda yatsanta yake, ya dubi idonta. Ya san labarin sarai, sau nawa ta yi masa kuka a kai. Murmushin ya ɓace.

"Don girman Allah, Kadidia... Kin san mulkin soja. In kumandan ya ji, mun rabu da Baba ke nan. Na yi faɗa da dangina kaf da suka ce miki marar gari. Ki rufa mana asiri, masoyiyata."

"Da hannuna na rufe ubana da rairayi," ta ce. "Mayar da ita. Na gani."

Son Chaibou kam tana yi, har cikin ƙashi. Amma wutar da ke cinta ta riga shi zuwa.

Ranar kasuwar raƙuma ta tsaya gaban jandarmomi da dillalai, ta nuna garken Elhadji, ta faɗi komai. Elhadji ya tuntsure da dariya.

"'Yar gudun hijira ce, yallaɓai, yunwa ta taɓa mata kai. Ga shaidata nan a jiki."

Kadidia ta ɗaga murya, ta yi kiran da mahaifinta ke yi in zai ba da ruwa.

"Azurfa... Azurfa, zo."

Taguwar ta ɗaga kai, ta ratso garken, ta gurfana a gabanta. Wani tsohon dillali ya shafa wuyan, ya ji tsohuwar shaidar a ƙasa, ya girgiza kai. Dariyar Elhadji ta tsaya. Tana kallo aka jefa shi a kamiyo, babbar motar jandarmomi, rawaninsa a ƙasa. Ta ji sanyi a ranta, ba za ta yi ƙarya ba.

Chaibou ne ya miƙo mata akala, idonsa jajir.

"Da uban nawa aka kashe, abin da zan yi ke nan," ya ce. "Amma ba zan iya duban fuskarki kuma ba, Kadidia."

"Na sani..."

Ya juya. Ta jira ya waiwayo, bai waiwayo ba.

A ƙofar gida ta iske mahaifiyarta da ƙwaryar lallen biki a hannu.

"Ina Chaibou?"

"Inna, na dawo da taguwar Baba," ta ce.

Sannan ta kifa fuska a wuyan Azurfa, ta fashe da kuka.